Sawun Matacciya a Kagarawal

Gaji mai ƙosai ce ta fara ganin gawar. Ta kawo wa Zaharadeen ƙosansa na safe kamar kullum, ta tura ƙofar ofishin da gwiwar hannu, sai ga mutum a miƙe kusa da tebur, ƙeya a fashe. Ihun da ta kurma har masu shayin bakin filin wasa na Pantami sai da suka ajiye ludayi.

Kafin hantsi unguwa ta gama shari'a ta yanke hukunci. Abba Gana ne, wa kuma zai zama? Zaharadeen shi ne ejan da ke tura 'yan mata aikatau ƙasashen Larabawa a ƙarƙashin wani kwamiti na gwamnati. Shi ya tura Rahinatu 'yar Abba Gana, wadda bara aka aiko cewa ta rasu a can, an binne ta a can. Kuma kowa ya ji ranar da tsohon ya tsaya a ƙofar ofishin nan yana rantsuwa cewa shi da Zaharadeen sai ɗaya ya ga bayan ɗaya. Matasa har sun nufi gidansa a unguwar Kagarawal da gorori. Allah ya sa Sufeto Jesse ya riga su, ya jefa tsohon a mota ya kai shi caji ofis, ba don ya gamsu ba, sai don kada a cinna masa taya.

Daga nan ya aika a ɗauko masa Bamanga.

Bamanga mai bin sawun shanun sata ne, tun yana saurayi yake wannan aiki a dazukan Dukku da Nafada. Gwiwa ta gaza, ɗansa ya dawo da shi unguwar Manawashi, yana zaune yana zagin kwalta da siminti safe da yamma. Mutum ne mai saurin fushi, ga baƙar magana, amma in ya ga sawu sau ɗaya to ya zauna masa a kai kamar fuskar ɗan'uwa.

"Baffa, in ban sami wani ba zuwa jibi, tsohon nan zan kai kotu," in ji Jesse. "Kuma ka san hukuncin kisa."

"Na sani. Kori mutanen nan, sun tattake min komai kamar garken jakuna."

Ofishin yana ƙamshin omo. Bamanga ya cire takalmi ya shiga, ya durƙusa, ya kwantar da kumatu kusa da tayil yana kallon ƙasa ta inda haske ke faɗowa. Jini sai ɗan wanda ke ƙarƙashin kan mamacin. Sauran ɗakin tas. An goge ƙafafun kujeru, an goge bayan firij, an matse tsumman an ninke shi, an kife bokitin a kusurwa. Takalman mamacin ma an jera su a bakin ƙofa suna kallon waje.

Bamanga ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Wanda ya yi kisa inda ya taka yake gogewa, ya ƙara gaba," ya ce. "Wannan bai tsallake ko lungu ɗaya ba. Da baya da baya aka yi gugar, a kan gwiwa, tun daga can har ƙofar baya. Kai a gidanku wa ya taɓa yin shara haka?"

"Babu."

"To tsohon da ka kama ko kwanon da ya ci abinci bai taɓa ɗaurayewa ba."

A bayan ofishin aka watsar da ruwan gugar. Rairayin wurin ya jiƙe, sannan zafin bazara ya ƙafe shi, ya riƙe abin da aka taka. Sawu biyu ne. Ɗaya takalmin namiji, sau-ciki, mai santsin ƙasa, ya nitse sosai, gefensa ga jan bakin babbar riga. Ƙafar hagu tana buɗewa waje, takun gajere. Ya nufi lungu inda tayar mota ta tsaya. Ɗayan kuwa a kansa ya hau: ƙafar mace, ba takalmi, ta dama tana taka ƙasa sosai, ta hagu a kan yatsu kawai, diddige bai sauka ba ko sau ɗaya.

Bamanga ya karɓi daron Gaji ya kife a kan sawun. Ta tsaya tana goge hannu da zane.

"Wa yake zuwa wurinsa da mota?" ya tambaye ta.

"Haba Baffa, wa ba ya zuwa? Gurbin tafiyar nan ai ya zama kamar rabon taki. Kansila yana da nasa, shugaban jam'iyya yana da nasa. Kowa yaran unguwarsa yake kawowa, ranar zaɓe a tuna da shi. Jiya da magariba na ga wata baƙar mota a lungu, ban ɗaga kai ba."

"Ba abin da ya sauya kwanan nan?"

Ta rage murya. "Ƙosai ƙunshi biyu yake saye. Shi da ko ɗaya ba ya cinyewa. Na ce masa ko an yi sabuwa ne, bai yi dariya ba."

A bakin titi 'yan mata sun yi cirko-cirko cikin hijabai, suna tambayar ɗan sandan da ke gadi wa zai ba su fasfo ɗinsu yanzu, kuma tafiyar tana nan ko an fasa. Ko ɗaya ba ta tambayi wanda ya yi kisan ba.

*

A caji ofis, Abba Gana yana zaune a bayan kanta, hula a kai, hannu a ankwa. Da can babban ɗan kasuwar kifi ne a Baga, tashin hankali ya koro shi Gombe da matarsa da 'ya ɗaya. Yanzu goro yake kasawa a tire.

"Jiya da magariba ba a gan ka a masallaci ba," in ji Bamanga. "Kana ina?"

"Ku kashe ni kawai."

"Kai, rufa mana baki! Ni ba alƙali ba ne. Kana ina?"

Tsohon ya juya fuska bango. Da ya buɗe baki, muryar kamar ba tasa ba. "Tasha. Kullum in rana ta yi sanyi nakan je in zauna inda motocin Kano ke sauke mutane. Ni na tsaya a sahun gaba aka yi mata sallah ba gawa. Ni na raba sadaka. Amma nakan je. In na faɗa a ce na zautu."

Bamanga ya ji abin har cikin ransa, sai ya kau da kai ya yi kaki.

Ana haka wata baƙar mota ta shigo ta manne da baranda, mai ita ya sauko kan siminti. Honarabul Aji ne, shugaban kwamitin. Shi ma asalinsa Borno, shi ya sa 'yan gudun hijira suka ba shi 'ya'yansu ido rufe, suna cewa namu ne. Shi da kansa ya kai wa Abba Gana labarin rasuwar, har da hawaye.

"Sufeto, Juma'ar nan baƙinmu za su iso a sabunta yarjejeniya," ya ce. "Jihohi nawa ke layi suna jiran mu yi tuntuɓe a ba su guraben nan? Ba na son su tarar da gawar eja ba mai laifi a hannu. A kai shi kotu. Ni raina ne ya fi na kowa ɓaci, mutumina ne, amma doka doka ce."

Bamanga ba ya sauraro. Idonsa yana kan direban, Bakari, wanda ya zaga ta ɗaya gefen ya taka rairayi yana goge gilashi. Sau-ciki ne a ƙafarsa, mai sheƙi. Da motar ta tafi, Bamanga ya je ya tsuguna, Jesse ya biyo shi.

"Shi ne?"

"Takalmin dai shi ne."

"Shi ke nan! Bari in sa a tare su."

"Zauna, sarkin gaggawa. Na ce maka takalmin. Wannan ƙafarsa ninƙaya take a ciki, dubi yadda yake jan diddige. Kuma a miƙe yake tafiya. Ka kama direba yau, gobe a kawo maka shaidu cewa yana Bauchi."

*

Da la'asar Bamanga ya hau acaɓa zuwa Kagarawal. Gidan Abba Gana ɗaki biyu ne a ƙarshen unguwa, bayansa gonaki, bayan gonakin kwarin da ruwa ke ci kowace damina. Matarsa Ya Bawa tana zaune a tsakar gida, ba ta ɗora tukunya ba. Maƙwabta sun riga sun raɗa wa Bamanga cewa kanta ya taɓu.

"Jiya ta zo," in ji ta, kafin ma ya gama gaisuwa. "Yau ma da asuba ta zo. Ina kan sallaya na ji ta a bayan ɗaki. Numfashinta ne. Uwa ba ta ɓata numfashin 'yarta. Na ce Rahinatu, in wani abu kike so a yi miki, ki faɗa, mun yi sadaka iyakar ƙarfinmu. Sai na ji tafiya, taf, shuu, taf, shuu."

"Kin leƙa?"

"In leƙa in ga me? Liman ya ce in yi ta addu'a, Shaiɗan ne."

Bamanga ya zaga bayan ɗakin. Ya tsaya cak. Ya sunkuya yana dogare da sandarsa. Ga sawun nan a gindin taga: ƙafar dama cikakkiya, ta hagu a kan yatsu. Ta daɗe a tsaye har wurin ya lotsa. Ta matsa kusa da ƙofar gida, taku kaɗan ya rage, sai ta juya.

Ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya bi. Sawun ya ratsa kunyoyin gona, ya gangara kwari, ya ɓace a kan dutse, ya sake fitowa inda ta dafa ƙasa da hannu ta huta. Ya haura ɗaya gaɓar zuwa wani kango da mai shi ya kai ginin linta, daidai saman ƙofa, ya gaji. Tun daga nesa Bamanga ya san ya iso, don an share ƙofar kangon. An tsince ledoji, an tara kashin awaki a gefe ɗaya. Da reshen dalbejiya aka yi sharar.

Tana tsaye a kusurwa, hannaye a haɗe a gaba, kai a ƙasa. Ta rame kamar sanda.

"Salamu alaikum. Rahinatu ce?"

"Na'am, yallaɓai."

"Ni ba yallaɓai ba ne, Baffa ne. Zauna, 'yata."

Ba ta zauna ba sai da ya maimaita da ɗan tsawa. Da tsawar ce kawai take ji, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. A gutsure-gutsure labarin ya fito. Daga bene ta diro a gidan da take aiki, ƙafar ta karye ta haɗe a karkace. Ta yi watanni a wurin da ake tsare waɗanda suka gudu, sannan aka zuba su a jirgi zuwa Kano. Lambar Zaharadeen kaɗai ta haddace. Ya je ya ɗauko ta yana ta salati, ya ɓoye ta a sito na ofis. Shi ya gaya mata cewa a Gombe ta mutu tun bara.

"Me ya sa suka ce kin mutu?"

"Ya ce in yarinya ta mutu, ba laifin kowa. In ta gudu, ana rage wa jiha gurbi."

"Jiya fa?"

"Zaharadeen ya ce wa Oga shi ya gaji, gida zai kai ni. Suka yi ta faɗa. Na ji ƙara. Oga ya buɗe sito ya ce goge." Ta dubi tafin hannunta. "Na goge. Ya ce in jira, mota za ta dawo ta ɗauke ni. Ya ce in na yarda aka gan ni, Baba za a ɗaure, shi ya sa hannu aka fitar da ni. Da ya tafi sai na ji tsoron motar."

"Wane ne Oga?"

Ta girgiza kai.

"To da kika je gida, me ya hana ki shiga?"

"Ba a ce in shiga ba."

Bamanga ya koma ya zo da Ya Bawa. Abin da ya faru a kangon nan ba na faɗa ba ne. Shi kansa waje ya fita ya ba su baya, yana tsine wa duk wanda ya ƙago aikatau.

*

"Maganarta ba za ta ɗaure Honarabul ba," in ji Jesse washegari. "A wurin hukuma ta mutu. Lauya zai ce mahaukaciya muka tsinto, kuma ko sunansa ta ƙi faɗa. Ko Honarabul ya faɗi daga kujerarsa ma, Baffa, kafin Juma'a an naɗa wani, a sa hannu, motoci su tashi."

"Wannan ku ta shafa. Ni tsohon nan nake so ya kwana a gidansa. Ka ce wa mai unguwa ya kira taron kwantar da hankali, ya gayyaci Honarabul ya yi wa jama'a jawabi. Ɗan siyasa ba ya ƙin taro."

Da yamma aka share ƙofar gidan mai unguwar Pantami, aka yayyafa ruwa kamar yadda ake yi in babban baƙo zai zo. Bamanga da kansa ya tsaya a kan masu yayyafin, yana cewa a ƙara, a ƙara. Aka sa benci aka tare hanya, dole mota ta tsaya nesa kaɗan. Jama'a aka ce su bi ta gefe. Jesse ya ratsa da Abba Gana ta tsakiya. Sannan Honarabul Aji ya tako yana ɗaga hannu, babbar riga tana jan ƙasa, Bakari a bayansa da jaka.

A zaure aka zazzauna, aka kawo shayi. Mata suna daga soron ciki bayan labule. Honarabul ya gyara murya zai fara, Bamanga ya buga sanda a ƙasa.

"Kafin jawabi, ranka ya daɗe mai unguwa, a leƙa waje. Ga sawun mutum uku. Wanda ke shakka ya je bayan ofishin mamaci, akwai daro a kife, ya ɗaga ya gwada. Na Abba Gana silifa ne, ba ya cikin lissafi. Takalmin da sawunsa ke ƙarƙashin daro kuwa, ga shi a ƙafar Bakari."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Bakari ya saki jakar, ya zube a kan gwiwa.

"Na rantse da Alƙur'ani ban san komai ba! Shekaranjiya Oga da kansa ya ja mota, ya ce in huta. Jiya da safe ya ba ni takalman, kwance ne. Na yi ta godiya, sababbi ne fil!"

"Na sani," in ji Bamanga. "Babban mutum ba ya jefa takalmi a bola, kyauta yake yi da shi. Sai dai ya ba ka takalmin, bai ba ka tafiyar ba. Mai buɗe ƙafar hagu, mai gajeren taku, mai jan riga, yanzun nan ya sake takawa a gaban kowa da wani takalmin."

Ba wanda ya ambaci suna. Idanu dai suka juya.

Honarabul Aji ya miƙe a fusace. "Ni? Ni za a tara wa mutane saboda zanen ƙasa na wani tsohon makiyayi? Yara nawa na fitar daga yunwa a garin nan?" Hannun rigarsa ya kwashe kofin shayi, ya tarwatse a siminti, ya fallatsa masa a ƙafa. Ya daka tsawa ba tare da ya dubi kowa ba: "Dalla a zo a goge wurin nan!"

Labule ya motsa. Taf, shuu, taf, shuu.

Ya Bawa ta riƙo Rahinatu, ta fizge. Ta zo ta durƙusa a gaban ƙafarsa, ta kama bakin hijabinta ta fara gugar shayin.

"Yi haƙuri, Oga. Zan goge kamar na ranar. Ban bar ko ɗigo ba, wallahi, ka duba har bayan firij. Kada a ɗaure Baba."

Wani ya ce innalillahi. Waɗanda suka ci sadakar arba'in ɗinta suka ja da baya har suna taka juna. Honarabul ya koma ya zauna daɓas. Jesse ya zo ya tsaya a bayansa, ya miƙa wa wani kofur mabuɗi ya nuna masa Abba Gana.

Aka cire ankwar. Tsohon bai ma san an cire ba, hannayensa suna nan a haɗe. Ya taso yana layi, ya zo ya tsaya a kanta.

"Rahinatu."

Ba ta ɗago ba. Tana ja da baya a kan gwiwa, tana bin shayin inda ya gangara.

"Rahinatu, ni ne. Tashi."

Ya kai hannu zai taɓa kafaɗarta, ta ƙanƙame jiki ta kare kanta da hannu ɗaya, ɗayan bai daina gugar ba.

"Saura kaɗan, yallaɓai. Don Allah kada ka buge ni, saura kaɗan."

Abba Gana ya dubi Bamanga, Bamanga ya sunkuyar da kai. Sai tsohon ya durƙusa a gefenta a gaban duk mutanen Pantami, ya cire hularsa, ya dunƙule ta, ya sa a cikin shayin.

"To," ya ce. "Ke yi can, ni in yi nan. In mun gama mu tafi gida."